Shekarar da Aka Ce Na Tafi Awo

Nana, Bashir, Sa'adatu, ku zauna ku karanta wannan babi a natse, don shi ne dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami tun farko. Ranar sadakar arba'in ɗin babanku a Cadawa na ga fuskar Bashir ta sauya bayan ya fito daga zauren maza, na kuma san abin da ya ji, domin bakin da ya faɗa masa na san shi tun kafin ya zubar da haƙora. An ce masa babanku ya taɓa sakina, wai saboda abin kunyar da na yi a Turai. Rabin maganar gaskiya ne, ya sake ni. Sauran rabin kuwa ga yadda aka yi, daga bakin mai ita.

Lokacin ina shekara ta biyu a ƙasar Turawa, ina karatun digiri na uku. Nana tana 'yar ƙarama, na bar ta wurin kakarta Iya Tabawa, mahaifiyar babanku. Babanku Isufu yana koyarwa a lakol ɗin Cadawa, wato makarantar boko, kowa Mushe yake ce masa, yadda ake kiran malamin boko da Faransanci. Shi kaɗai ne a gidansu ya yarda in tafi. Yayansa Hamza ya ce ba a taɓa yin haka a zuri'arsu ba, Iya ta ce mace mai goyo ba ta da wata makaranta sai ɗakinta, shi kuwa Mushe, ranar tafiya ya ɗauki akwatina ya kai ni tasha. Tun daga nan gidan ya zuba ido yana jiran ranar da za a ce masa ai mun faɗa maka.

Aikina can, in taƙaita muku, awo ne. Kowane abu a duniya an gina shi da ƙwayar zarra, kowace zarra kuma tana da ƙwallo a tsakiyarta inda kusan duk nauyinta yake. Akwai irin waɗannan ƙwallaye da ba a samunsu a ƙasa ko a ruwa, sai a cikin tauraro lokacin da yake fashewa, ko kuma a ƙera su da wani ƙaton inji da ya fi unguwarmu tsawo. In an ƙera su ba sa daɗewa, kafin ƙiftawar ido sun narke sun koma wani abu. Mu namu shi ne mu kama su da rai, mu jefa su cikin wani tarko na maganaɗisu, su yi ta kewaya a ciki, daga saurin kewayen mu gane nauyinsu. Kuma ba awon mai tiya a kasuwa ba ne, wanda ake ɗora hannu a kai. Awo ne da in da za a yi wa babbar mota cike da gero, za a gane in an tsunkuli kaɗan daga buhu ɗaya. Da wannan nauyin ne masana ke gane yadda zinariya da sauran ƙarafa masu nauyi suka samo asali. Injin kuwa ba namu ba ne mu kaɗai, ƙungiyoyi da yawa ne ke layi, sai ka jira fiye da shekara kafin a ba ka 'yan kwanaki. Layinmu ya zo a daminar wannan shekarar, kuma duk digirina a kan waɗannan kwanakin ya rataya.

To, a wancan zamani wayar hannu ba ta bazu ba. Inna, mahaifiyata, tana ƙauyenmu kusa da Agiye, sai ranar kasuwa take shigowa shagon wani Alhaji mai tarho, ni kuma in kira. Ku da kuka san Inna kun san abu biyu game da ita. Na farko, ta ɗauka tunda Turai da nisa dole sai an ɗaga murya, kuma duk abin da ta ji sai ta maimaita shi da ƙarfi don ta tabbatar. Na biyu, ni ce 'yarta ta fari. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa yi mini tambayar da ta wuce ta lafiya da abinci ba. Inna ba ta jin Faransanci, don haka kullum sai in laluba kalmar Hausa in ba ta. Ranar na lalubo wadda ta fi kusa.

"Inna, sati mai zuwa ba za ki ji ni ba, za a fara awo."

"Awo?" in ji ta, da muryar da ta kai bakin titi. "Awo za ki tahi?"

"I, Inna, an daɗe ana jira. Ki taya ni da addu'a, abin ɗan ƙarami ne ƙwarai, in ba a yi sauri ba sai ya mutu kafin a auna shi."

"Ɗan ƙarami ne," in ji ta. "Shina iya mutuwa."

Layin yana ta ƙara, ni kuma idona yana kan agogo don ana jirana a wurin aiki. Can na ji ta ce, a hankali wannan karon, "To. Allah shi sauke ki lahiya." Na ce amin, na ajiye wayar.

Ni da na yi goyo, ni da na yi zaman layi a asibitin Agiye da cikin Nana, kowace mace a layin tana cewa ta zo awo, wallahi ko kaɗan abin bai faɗo mini a rai ba. Na daɗe ina tunani da Faransanci, kalmar ta zo mini da ma'anar wurin aiki. Da wata uwa ce da ta ce, ke 'yar nan, wane irin awo, mijinki yana nan kina can fiye da shekara? Da magana ta mutu nan take da dariya. Amma Inna ba za ta tambayi 'yar fari zancen ciki ba ko da wuƙa a wuya. Ta ɗaure kayan cefanenta ta koma ƙauye tana kuka a hanya. A shagon kuwa akwai matar ƙanen Iya Tabawa, ta zo sayen sabulu. Kafin la'asar motar Cadawa ta sauke ta tare da labarin. Abin da ya ƙara wa wutar mai, ban daɗe da aiko da hoto ba, burodi da cukwin Turawa sun karɓe ni, kumatuna sun cika. Aka ciro hoton daga bango, ya zaga gida-gida.

Ana gobe za a kunna mana inji, da hantsi, sakatariyar sashenmu ta ce an yi ta kirana daga Nijar. Na ɗauka Nana ce ba lafiya. Na kira lambar, shagon tarho ne na Cadawa, aka miƙa wa Yaya Hamza. Bai amsa gaisuwata ba.

"Rahamu, wata nawa ne?"

"Mene ne wata nawa, Yaya?"

"Kada ki raina mani wayo. Uwarki da bakinta ta hwaɗi gaban jama'a, kin ce za ki awo. Ta yi maki addu'ar masu ciki kin ce amin. Ko ƙarya ta yi maki?"

Sai a lokacin maganar Inna ta dawo mini kalma bayan kalma. Na jingina da tebur. Da farko ma dariya ce ta taso mini, na yi ta, kuma wannan dariyar ta ƙara ɓata lamarin. Na shiga yi masa bayani, zarra, inji, tarko, maganaɗisu. Ina magana ina jin yadda take sauka a kunnensa, a shago mai cike da mutane da warin kananzir. Ni kaina da wata ce take faɗa mini da na ce ta iya shirya ƙarya.

"Wato abin da ido bai gani, shi kike aunawa," in ji shi. "Kuma shina mutuwa. Kuma sai mace ta bar mijinta ta tahi Turai kahin a auna shi. To ji nan. Ran Juma'a in an sauko masallaci dangi za su zauna. In kin iso kahin nan, mata su duba ki, magana ta ƙare. In ba ki iso ba, mun san abin da kike ɓoyo, kuma Isuhu zai yi abin da namiji ke yi."

"A ba ni Mushe," na ce.

Na ji an miƙa wayar, na ji numfashinsa. Na jira ya ce wani abu, ko faɗa ne, ko tambaya. Abin da ya ce kawai shi ne, "Nana na lahiya. Kin ji abin da Yaya ya ce." Aka karɓe wayar.

Kwanakinmu na inji sun haɗa da wannan Juma'ar, sun wuce ta. Na tafi wurin malamina, wani dattijon Bature mai yawan tari, na faɗa masa ana nemana a gida, ban iya faɗa masa dalili ba, don ta ina zan fara fassara masa awo? Ya ce ba shi da ikon ɗaga ranar ko da yini ɗaya. In na tafi zai fahimta, wani ɗalibi zai zauna a kujerata, aikin ya zama nasa, ni kuma in jira wani layin. Mu biyu mun san tallafin karatuna zai ƙare kafin wani layin ya zo. Na fita na zauna a kan matakala. In na zauna, aurena ya tafi, kuma a gidan su Hamza in uwa ta fita ba ta fita da 'ya. In na tafi, na zubar da duk abin da na bar Nana saboda shi, in je in kwanta a tabarma tsofaffi su mammatsa mini ciki kamar akuya a kasuwar Cadakori. Zan so in ce muku hankali ne ya yanke mini shawara, amma zuciya ce. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce wanda ya zauna da ni ya san ni, in bai san ni ba tsohuwa ba za ta sanar da shi ba. Na tashi na koma wurin aiki.

Aka kunna inji. Kwanakin farko babu abin da ya tafi daidai. Ƙwallayen da muke nema ba su fito ba, sai tarkacen wasu da ba mu so suke cika mana tarko. A gyara nan, can ya lalace. Muna zaune mu biyar a ɗaki mai sanyi marar taga, kowa idonsa a kan allon kwamfuta, ba mai son kallon ɗan'uwansa. Abinci ya ƙi shiga mini. Duk ƙarar da waya ta yi a ɗakin sai in waiga. Ina lissafin ƙarfin maganaɗisu, rabin kaina yana tsakar gidan Iya Tabawa, ina ganin wa zai zauna a kan wace tabarma, wa zai fara magana. Na ce wa kaina, ke Rahamu, kin sayar da aure kin sayi allo babu komai a kansa.

Ranar Juma'a da yamma, lokacin da na san an sauko masallaci a gida har an ci tuwo, sakatariya ta leƙo ta yafito ni. Muryar babanku ce. A bayansa ina jin gyaran muryar maza da yawa.

"Rahamu."

"Na'am, Mushe."

"Ba ki zo ba."

"Ban zo ba."

"To, na sake ki, saki ɗaya."

Wani a bayansa ya ce, uku za ka yi. Na ji muryar Hamza ta hau. Babanku ya maimaita, ba da ni yake ba, "Na ce ɗaya." Layin ya yanke.

Na ajiye wayar na gode wa sakatariya, har da murmushi, don ban san abin da zan yi da fuskata ba. Na koma kujerata. Ban daɗe da zama ba wani abokin aikinmu ya buga tebur, ƙwallayen sun fara shigowa. Ɗaya, sai a jira, sai wani. Kowane ɗigo a allon ƙwallo ne da ya rayu ɗan lokaci a tarkonmu ya mutu, ba wanda ya taɓa sanin nauyinsa tun da aka halicci duniya sai mu. Turawa suna ta rungumar juna, dattijo yana tari yana dariya. Ni na zauna ina rubuta lambobi daidai, ban yi kuskure ko ɗaya ba, kuma ban ji daɗin komai ba. Abin da na yi shekaru ina mafarki ya zo ya same ni bazawara.

Da aka kashe inji na hau jirgi zuwa Yamai, daga nan motar Maradi, daga Maradi ƙaramar mota zuwa Cadawa. Gero ya yi tsawo a gefen hanya, ruwa ya cika kududdufai. Ban nufi ƙauyenmu ba. Na yi karatun allo kafin na yi na lakol, na san matar da aka yi wa saki ɗaya a ɗakin mijinta take idda, kuma ba mai ikon hana ta. Na yafa ƙaton mayafi har ƙasa, ba don komai ba sai don tsiya. Tun daga tasha na ga idanu suna sauka a cikina kafin su hau fuskata.

Na yi sallama tsakar gida. Kafin in ajiye jaka gidan ya cika da mata, kamar ana rabon goro. Nana ta leƙo daga bayan kakarta, ta dube ni, ta koma ta ɓuya, ba ta gane ni ba. Wannan ya fi sakin ciwo. Iya Tabawa ba ta ce in zauna ba. Ta aika a kirawo Dije ungozoma, tsohuwar da ta yanke cibiyar rabin garin. Dije ta zo tana dogara sanda, aka shimfiɗa tabarma a ɗakin Iya.

"Shiga," in ji Iya. "In kina da gaskiya mi kike tsoro?"

Gaskiya zan faɗa muku, a wannan lokacin na gaji, na kusa shiga. Na ce a zuciyata in shiga a gama, in fito in zazzage musu abin da ke bakina. Har na ɗaga ƙafa sai na ji sallamar babanku. Labari ya iske shi a aji yana darasin hutu, ya bar yara ya taho da sauri, hannunsa fari fat da alli, Hamza yana biye da shi. Ya tsaya tsakanina da ƙofar ɗakin. Bai dubi cikina ba, bai ma dube ni ba, bangon gida ya kalla.

"Ku shaida," ya ce. "Na mai da matata."

"Kai Isuhu, ka jira a duba tukuna!" in ji Hamza.

"Na mai da ita. Dije, ki yi haƙuri an taso ki a banza. Ba mai taɓa matata."

"In ka hana a duba, har abada ba a daina hwaɗi," in ji Iya. "Ni uwarka nika gaya maka."

"Na sani, Iya," ya ce. Ya durƙusa ya ɗauki jakata ya nufi ɗakinmu.

Iya ta faɗi gaskiya, ba a daina faɗi ba. Da watanni suka wuce ba a ga ciki ba, sai aka ce ai na zubar kafin in taho, Turawa sun iya wannan. Inna ta zo da kanta, ta zauna a ƙofar Iya ta yi rantsuwa cewa kunnenta ne ya juya magana, aka ce uwa ce, dole ta rufa. Iya Tabawa ba ta ƙara cin abincin hannuna ba har ta koma ga Allah, in na aika sai ta ba almajiran gidan Hamza ko ta zuba wa kaji. Hamza da babanku suka raba gandu a kakar wannan shekarar. Na koma na kammala digirina, na dawo na koyar har na yi ritaya, aka haifi Bashir, aka haifi Sa'adatu. Aurenmu ya yi sauran rayuwarsa da igiya biyu, kuma mun san haka, shi ya sa ko faɗa muke yi ba mai ɗaga murya ya wuce wani wuri.

Amma akwai maganar da ba wanda ya ji sai ni, a ɗakin nan, ranar da ya ajiye jakata. Na rufe ƙofa, na cire mayafin na jefar a gado. Sai a lokacin ya dube ni, sama da ƙasa, na ga kafaɗunsa sun sauka. Na gane abin da hakan ke nufi, zuciyata ta tafasa.

"Ashe ka yarda da su," na ce.

Ya daɗe yana goge allin hannunsa a jikin riga. Babanku bai iya ƙarya ba, ko ta daɗin baki.

"Ban sani ba, Rahamu. Ranar da na sake ki ban sani ba. Yau ma da na shigo gidan nan ban sani ba."

"To me ya sa ka mai da ni?"

"Shi ya sa na yi gudu," ya ce. "Da Dije ta riga ni, da ita ta mai da ke, ba ni ba."

Na so in mare shi, na kuma so in faɗa jikinsa, ban yi ko ɗaya ba. Na zauna a bakin gado na yi kukan da ban yi ba a Turai, shi kuma ya fita ya lallaso Nana, ya kawo ta ya ɗora mini a cinya.